Shekarar da Na Ɗaure Tumakin Baba

Kun sha tambayata dalilin da ya sa takardar yabon da aka ba ni a wurin aiki take ƙasan akwati, ba a bango ba. Na sha ba ku amsa iri-iri: babu ƙusa, gilashin ya tsage, gara za ta ci. Duk kauce-kauce ne irin na tsofaffi. Kun kuma lura, don ku ba yara ba ne, cewa gwaggonku Ayishetu har ta koma ga Allah ba ta taɓa cin abinci a gidana na unguwar Choggu a Tamale ba. Ta zo, mu gaisa, ta sha ruwa, ta tashi. Abubuwan nan biyu tushensu ɗaya. Tun da yanzu gidan ya koma daga ni sai rediyo, ina da lokacin da zan faɗa muku yadda aka yi. Ba na so ku ji shi a bakin wani bayan raina, a ƙara masa gishiri, ko a rage don a rufa mini asiri, wanda shi ne ma ya fi ba ni tsoro.

Kun san a tashar binciken dabbobi da ke bayan gari na yi aiki, amma na tabbata ba wanda zai iya faɗar abin da nake yi a can. Mahaifiyarku ma, Allah ya jiƙanta, in an tambaye ta cewa take, yana ƙirga tumaki. Ga yadda abin yake. Duk abin da tunkiya ta ci, ƙarfin da ke cikinsa kashi uku yake rabuwa. Na farko na riƙe rai ne, wato numfashi da bugun zuciya da ɗumin jiki, ko tana kwance sai ta ƙone shi. Na biyu na wahala ne: tafiya, tsinkar ciyawa, tuƙa, tsayuwa cikin rana. Abin da ya rage bayan waɗannan biyu shi ke zama nama da kitse. Aikina shi ne in gina lissafi a kwamfuta wanda in ka ba shi nauyin tunkiya, da irin abin da take ci, da nisan da take takawa a wuni, zai gaya maka nauyinta bayan wata uku. Akwai irin wannan lissafi daga ƙasashen Turawa, amma tumakinsu a fili mai shinge suke kiwo, ciyawa har gwiwa. Namu kuwa sai sun ratsa rabin Tamale kafin su ga ɗanyen ganye. Shekara huɗu na yi a kan kashi na biyun nan, ina so in san ainihin abin da tafiya take ci wa tunkiyarmu. Ina da kaifin kai a lokacin, kuma na san ina da shi, wanda shi ne babbar matsalar.

Kakanku kuwa, Baba, tumaki ya sani tun kafin ya san kansa. Yana saurayi ya gangaro daga arewa da garken wani, ya zauna a unguwar Moshi Zongo, ya yi aure, ya haɗa nasa garken. Ba babba ba ne, bai taɓa wuce ashirin da 'yan kai ba. Kullum bayan sallar asuba ya sha koko, ya ɗauki sanda da buta, ya buɗe ƙofar baya, tsohuwar tunkiyarsa da yake kira Magajiya ta shige gaba, saura su bi. Sai la'asar sakaliya za a ji kukansu a lungu. Lokacin da nake yaro, kiwon bai fi a fita daga unguwa kaɗan ba. Amma gari ya yi ta cin daji, yau a kafa gida nan, gobe a zuba bulo can, har ya zama sai ya wuce unguwar Kanvili kafin ya samu inda za su sa baki. Shekarar da nake ba ku labari ya haura saba'in, gwiwoyinsa sun fara kumbura, mahaifiyarmu Mma ta rasu da shekara uku, gidan daga shi sai Yaya Ayishetu da ta dawo bayan mutuwar mijinta.

Na ɗaura wa Magajiya wata 'yar na'ura a ƙafa mai ƙirga taku da lokutan tsayuwa. Baba ya tsaya yana kallona, ya riƙe haɓa.

"Ka sa mata agogo. Ofis za ta fara zuwa?"

Na yi dariya, na ce awo ne kawai. Sati uku na'urar tana ƙafarta. Hanyar kuma na auna ta da babur wata rana da yamma, na je na dawo cikin ƙasa da awa ɗaya, ban sauka ko'ina ba. Da na zuba komai a kwamfuta, abin ya fito ɓaro-ɓaro: yawancin abin da tumakin Baba suke ci a daji, a kan hanya suke zubar da shi. Na kuma ga wasu tsaye-tsaye da suke yi kullum a lokaci ɗaya, minti biyar nan, minti goma can, da wata doguwa da tsakar rana wadda take kai awa biyu. Ba ciyawa suke ci a lokutan nan ba, ba tafiya suke yi ba. Na rubuta musu "hutu", na wuce.

Na samu Baba ranar wata Juma'a bayan sallar magariba, na baje masa takardu a kan tabarma. Na ce a daina fita da su. A yi musu rumfa a bayan gida, a kafa komi, in riƙa kawo harawa da dusa da ɓawon rogo. Na nuna masa layin da ke hawa sama, na ce ga nauyinsu nan bayan wata biyar. Ya dubi takardar a juye, ya miƙo mini.

"Sun kawo ƙara wurinka ne?"

"Baba, gwiwarka fa. Likita ya ce ka rage tafiya."

"Ita ma ba ta kawo ƙara ba."

A nan ya kamata in tattara takarduna in tafi. Amma na san inda yake da rauni, na kuma taɓa wurin da gangan. Na ce masa lissafina ba zai karɓu ba sai an gwada shi a kan garke na gaske, na mutumin gari, ba na tasha ba. Na ce maigidana na wurin aiki ya ba ni wannan shekarar kawai, in ban kawo sakamako ba, wahalar shekara huɗu ta tashi a banza. Gaskiya ne, amma akwai garke goma da zan iya nema. Nasa na fi so, saboda na riga na auna su, kuma saboda ina so a ce ni ne ɗan da ya hutar da ubansa. Ya murza carbinsa.

"To, tun da aikinka ne."

Abin da nake so ku riƙe da kyau shi ne, lissafin bai yi kuskure ba. Mutanen unguwa sun yi ta yaɗa cewa boko ya kashe garken Baba, wasu ma har yau haka suke faɗa. Ko tunkiya ɗaya ba ta mutu ba. Sati biyun farko sun yi ta kuka da asuba suna tunkuɗar ƙofa, daga nan suka saba. Kowace Asabar nakan zo da sikeli, in rataye shi a reshen dogonyaron tsakar gida, in zura wa tunkiya buhu a ƙarƙashin ciki, in ɗaga ta, in karanta, in rubuta. Abin da kwamfuta ta faɗa ranar Litinin, shi sikeli yake nuna mini ranar Asabar, bambancin bai taka kara ya karya ba. Gashinsu ya yi sheƙi, raguna suka yi wuya, mahauta suka fara leƙowa ta katanga. Maigidana ya zo da baƙi har sau biyu, aka tsayar da Baba kusa da babban ragon aka ɗauki hoto, yana sanye da rigar Juma'arsa. A watannin nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna. In na shiga gidan, in durƙusa in gaida shi a kan bencinsa na ƙofar ɗaki, kafin ya gama amsawa idona yana kan rumfa.

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, mutumin nan ya fi shekara talatin bai wuni a zongo ba. Bai san unguwar da rana ba, ita ma ba ta san shi ba. Sa'o'insa da suka rage 'yan kasuwa ne, da safe sun tafi rumfunansu. Majalisar ƙofar masallaci tana da masu ita, da hirarta ta siyasa da farashin kaya, shi kuwa ba ya da abin sa wa a ciki. Ya gwada zama da su kwana biyu ya daina. Zongo cike yake da mutane, rediyo nan, injin niƙa can, babura suna wucewa kamar za su shigo ɗaki, amma Baba yana kan benci daga hantsi har azahar ba wanda ya ce masa kanzil. Ko ba wa tumakin abinci na hana shi, don kada ya ɓata mini awo. Komai a aune yake cikin leda, da lambar kowace, Yaya ce take zubawa.

A wata na biyar, wata Asabar, ina kwance igiyar sikeli, Yaya Ayishetu ta fito daga madafa da akushi a hannu, ta dangwarar da shi a gabana. Tuwon da muke kira tuwon zafi ne, na jiya, an gutsiri gefe ɗaya kawai.

"Mumuni, wannan ma ka auna shi."

"Na wane ne?"

"Na wanda ba shi da lamba a kunne. Kai da kwamfuta naka, kowane sati kana zuwa, tunkiya kaza ya ƙara, tunkiya kaza ya ƙara. Je ka tayar da Baba, lokacin salla ya yi. Kar ka ba shi sanda, kai ka kama shi."

Na je na sa hannu a bayansa don in ɗaga shi. Shi ya koya mini wannan tun ina ƙarami, cewa kafin ka yarda da idonka a kan tunkiya, ka ɗora tafin hannu a gadon bayanta, don gashi yana ɓoye rama. Babbar riga ma haka take. Yatsuna suka sauka a kan ƙashin bayansa ɗaya bayan ɗaya, ba komai a tsakani. Da tunkiya ce na taɓa na ji haka, da jan biro zan zagaye lambarta in kira likita a ranar. Na ɗaga shi kamar ina ɗaga buhun ƙaiƙayi. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba kafin nan ko bayan nan. Shi kuwa ya ce mini sannu, wai na sha aiki.

Sati biyu suka rage gwajin ya cika. Zan so in ce muku a ranar na buɗe rumfar. Ban buɗe ba. Na sayo masa magungunan ƙarin jini, na kawo nama da madara, na ce wa kaina sati biyu ba komai ba ne. Na cika awona har layin ƙarshe, na kai wa maigidana, aikin da ya jawo mini takardar yabon nan ke nan, sannan na dawo na ce wa Baba gobe za a fita kiwo. Wannan sati biyun ne Yaya ba ta yafe mini ba, kuma ban taɓa ganin laifinta ba.

An yi ruwan farko a satin, gari ya yi laushi. Baba ya tashi tun kafin kiran salla, ya nemo butarsa da sandarsa, har ya sha koko rabin kofi. Na buɗe ƙofar baya, Magajiya ta tsaya tana shinshina iska, sannan ta fita kamar jiya ta bari. Muka bi lungu, yana gaba ina baya. Mun kai bakin titi, wurin da kwalbati take, sai na ga sandar tana rawa. Ya zauna a kan kwalbatin yana haki. Tumakin suka tsallaka, suka tsaya a wancan gefen suna waiwaye. Ya gwada tashi sau biyu. Ƙafafun da suke kai shi bayan Kanvili su dawo da shi kullum, wata biyar a kan benci ya gama da su.

"Bi su," ya ce. "Ta san hanya. In kun kai gindin ɗorawa za ka ga wani Bafillace, Sambo. Ka ce masa ƙafa ce ta riƙe ni."

Na kira Yaya ta koma da shi, ni kuma na bi tunkiya, da takalmin ofis. Ba mu yi nisa ba ta ja ta tsaya a gaban rumfar wani mai faci. Mutumin ya ɗago kai, ya yar da tayar da ke hannunsa, ya taso yana tambaya ina tsoho, lafiya, ina ya shiga. Gaba kaɗan ta sake tsayawa a ƙofar wata mata da take tara musu ɓawon doya, ta ce ta yi ta tarawa har ya ruɓe ta daina. Sai wani makaho a gindin mangwaro, da ya ji kukan tumakin ya kira sunan Baba da ƙarfi, yana miƙo hannu. Na duba agogona a kowane wuri. Minti biyar nan, minti goma can. Tsaye-tsayen da na rubuta wa "hutu" ke nan, kowanne da mutum a cikinsa. Tumakin sun yi ƙiba, suna tafe suna haki, ni ma ƙafata ta yi bororo, ba mu kai ɗorawar ba sai da rana ta take.

Ba kowa a gindinta. Akwai duwatsu biyu da zama ya goge, da tokar tsohuwar wuta. Inda na ga alamar an taɓa yin ruga, an kafa turakun siminti an ja igiya, an sauke yashi. Tumakin suka kwanta a inuwa ba wanda ya ce su kwanta. Wata Badagomba mai sayar da ruwa da ƙosai ga magina ta leƙo daga rumfarta, muka gaisa da Dagbanci, sannan ta juya Hausa da ta ga ina ɗingishi a yaren.

"Fulani nan? Ya tashi, wata biyu yanzu. Mai ƙasa ya sayar da wuri. Kullum yana zo nan, yana zauna, yana duba hanya. Bai san gida naku ba. Kai ɗan tsoho mai tumaki ne? To ya bar magana. Ya ce in wani ya zo, a faɗa ma tsoho: bawa ya gudu ya bar ubangiji nashi, rago, rana kaɗan ya kore shi, ya je ya ɓuya a ɗaki kamar amarya. Haka ya ce, in faɗa duka."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata wane irin mara mutunci ne wannan, mutum yana kwance ba lafiya a aiko masa da zagi. Na tambaye ta inda suka nufa, ta watsa hannu wajen arewa, ta ce ba wanda ya sani. Na zauna a kan ɗaya daga cikin duwatsun nan har awa biyu, don tumakin sun ƙi tashi kafin lokacinsu, ina shirya abin da zan faɗa a gida.

Na same shi a kan benci, ya juyo da shi yana fuskantar ƙofar baya. Bai bari na gama sallama ba.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi, Baba. Yana gaishe ka da kyau. Ya ce Allah ya ba ka lafiya, ya ƙara girma, yana yi maka addu'a."

Ya dube ni.

"Sambo ne ya ce Allah ya ƙara mini girma?"

Na ce e.

"Mumuni, mu Barebari ne. Shi Bafillace. Shekara talatin bai taɓa kirana da sunana ba, ni ma ban taɓa kiransa da nasa ba. Ya mutu ne?"

Na san da wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowa ya sani, amma a matsayin labari na san shi. Ban taɓa kawowa a raina cewa ubana, mutumin da ba ya ɗaga murya a gida, yana da wanda yake zagi kullum da tsakar rana ba. Na durƙusa na faɗa masa gaskiya, cewa bai mutu ba, ya tashi, ba a san inda ya nufa ba. Sannan na maimaita saƙon kalma bayan kalma, kaina a ƙasa, har da amaryar.

Baba ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har da buga cinya, har tari ya sarƙe shi, Yaya ta fito a guje da ludayi a hannu. Rabona da jin dariyarsa tun Mma tana da rai.

"Amarya! Ɗan banzan Bafillace, mai ƙafa kamar sillen kara. Ni zai ce wa amarya? Tsaya, ina da amsarsa. Wallahi ina da amsarsa. Gobe in ka je ka ce masa..."

Ya tsaya a nan, bakinsa a buɗe. Na ga lokacin da abin ya iso masa. Ya sauke hannun da ya ɗaga, ya gyara zaman hularsa, ya juya yana kallon tumakin suna shan ruwa a komi.

Na nemi Sambo. Na je kasuwannin shanu, na tambayi masu kawo nono da wagashi, wato cukun Fulani, cikin gari, na hau babur na bi rugage har inda hanya ta ƙare. Sambo suna da yawa, ba a samu nasa ba. Baba ya yi wata bakwai bayan nan, bai sake wuce kwalbatin bakin titi ba. Wani lokaci ina zaune kusa da shi sai in ga leɓensa yana motsi, ya yi ɗan murmushi shi kaɗai, in gane yana gyara amsar ne, yana ƙara mata yaji. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce ya faɗa mini ita, ko Allah zai sa in haɗu da mutumin wata rana. Ya girgiza kai.

"Kai ba ka iya ba. Za ka gyara ta."

Da ita aka binne shi.